Lamba Sittin da Biyu

Kwana tara bayan gulbi ya koma makwancinsa
muka buɗe aji biyu a firamaren Augie,
muka ture bencina, muka shimfiɗa buhunan taki,
abin da ruwa ya tofar muka baje a kai.
Ni ke riƙe da biro. Littafin kuwa
rajistar 'yan aji huɗu ce, rabinta ba rubutu.

Arzika ke bin fadama da kwalekwale.
Da la'asar ya dawo, laka har ƙugu,
ya sauke tukunya, ƙafar keken ɗinki,
tabarma a naɗe da mataccen tarwaɗa a ciki,
allon da ruwa ya wanke tas
sai sunan da aka ƙona masa da ƙusa a wuya.
Tumba da ƙannenta su wanke da omo,
su shanya bisa katanga. Ni in sa lamba.

Sha bakwai, rediyo ce.
Malam Nomau ya juya ta, ya ga zaren
da ya ɗaure murfin batir da shi tun bara.
Ya murɗa, ba ta ce uffan ba.
Duk da haka ya kara ta a kunne,
ya fita sannu-sannu kamar mai jin labaran rana.

Wata tsohuwa ta taho daga Tiggi neman ƙwarya.
Ƙore ashirin muka jera mata.
Da yatsa ta bi su, ba da ido ba,
tana laluben ɗinkin da uwarta ta yi wa tsaga.
Babu.
Na ce, "Inna, ɗauki wannan, ta fi kyau, ba mai ita."
Ta dube ni kamar na miƙa mata jaririn wata.
"Da mai ita," in ji ta. "Isowa ce ba ta yi ba."

Ran Laraba aka kawo takalmi,
ƙafar hagu, na roba, shuɗi,
bai cika tafin hannuna ba.
A reshen giyayya ya maƙale, sama da tsayin mutum.
Sittin da biyu.

Kulu ta gan shi, ta zauna a ƙasa.
Kafin in ɗebo mata ruwa Dela ta shigo,
ta gan shi, ita ma ta zauna.
Ɗiyar Kulu shekara uku, an yi mata sutura ran Juma'a.
Ɗan Dela uku da watanni, har yau ana nema.
Irin takalmin nan buhu-buhu ake sauke shi kasuwar Argungu,
ba yaron da bai taka shi ba da ƙaramar salla.

Na duba littafi, littafi bai san komai ba.
Arzika ya cire hula, ya mayar.
Tumba ta tsaya da kumfa a hannu har ya bushe.

Kulu ta ɗauka. Ta shafa dunduniyar da ta suɗe,
ta sansana, ba komai sai omo da laka.
Ta daɗe.
Sannan ta aza shi a cinyar Dela.
"Ni na san inda tawa take kwance," ta ce.
"Riƙe wannan kafin a ga naki."

Layin sa hannu ɗaya ne.
Na rubuta suna biyu,
na biyun ya hau kan sittin da uku.

Litinin yara za su dawo, hedimasta na son ajinsa.
Saura kaya arba'in da ɗaya ba a zo nema ba,
har da ƙwaryar nan mai kyau.
Ina kulle ƙofa Arzika ya leƙo,
ya ce ruwa ya ƙara ja da kamu guda,
gobe zai gwada ta bayan gonakin shinkafa.
Ya ce in bar masa shafi.